Makullin Sito a Wuyan Mama

Sallama gare ku, tsofaffin masu bina da waɗanda yau ne suka fara leƙo kai. Ku yi haƙuri da ni, ba zan tsaya jera gaisuwa ba. Kwana biyu ke nan na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna sai in tashi, in na tashi sai in rasa abin da na tashi yi. Bari kawai in sauke muku.

Ga wanda bai sani ba, ni tela ce. Shekaruna ashirin da shida, shagona yana bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da katifa. Shekara biyu da suka wuce ƙafata ta hagu ta fara zamewa daga kan fedar keken ɗinki. Na ɗauka gajiya ce. Sai idona na dama ya yi hazo har sati biyu, zare ya ƙi shiga allura. Aka yi ta yawo da ni daga wannan asibiti zuwa wancan, har aka cusa ni cikin wata na'ura mai kama da bututu tana ta ƙara a kunnena, sannan babban likita ya kira sunan abin: MS.

Ya ce jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi suna da riga, kamar robar da ke jikin wayar wuta. Ya ce garkuwar jikina, wato sojojin da ke cikin jini don su kare ni daga cuta, su ne suka ruɗe suka koma gaigayar rigar nan. Ba ya warkewa, amma ana riƙe shi da allura, ana rayuwa da shi.

Mama tana kusa da ni ranar, ta toshe baki da gefen mayafi. Ita a wajenta duk ciwon duniya rauni ne, maganin rauni kuwa uku ne: a kwanta, a gasa jiki da ruwan zafi, a sha abin ƙara ƙarfi. Da wannan ta haifi 'ya'ya biyar ta raine su, saboda haka ba wani mai farar riga da zai canja mata karatu.

Daga ofishin babban likita aka tura ni wani ɗaki a ƙasa, mai madubai da sanyin iyakwandishan, wajen likitar motsa jiki. Wata gajeriyar mata ce mai takalmin roba, ba ta da wasa kuma ba ta da mugunta. Mu marasa lafiyarta muna kiranta Ƙara Ɗaya, don ko ranka zai fita, in ka ce ka gaji abin da za ta ce ke nan.

Ranar farko na ce mata, "Likita, mutum yana jan ƙafa, ki ce ya ɗaga ƙarfe? Ba tsokano ciwon za a yi ba?"

Ta ce, "Da can haka aka ɗauka, ana ce wa irinku ku kwanta. Sai aka ga kwanciyar tana cinye ɗan naman jikin da ya rage. Abin da muka fi tabbata a kai shi ne, ƙarfe yana ƙara ƙarfin ƙafa, tafiya tana gyaruwa, gajiyar nan da ke danne ki tana raguwa, kuma ba a ga yana tayar da ciwon ba."

"To garkuwar fa?"

"Nan ne ake kan bincike. Naman jiki in ya yi aiki yana sakin wasu sinadarai cikin jini, su kai wa sojojin nan saƙo. An auna jinin wasu masu ciwonku da suka yi watanni suna ɗaga ƙarfe sau biyu a sati. A wani binciken aka ga sinadaran da ke rura kumburi sun ragu, a wani kuma ba a ga canji ba. Ba zan sayar miki da abin da ba a gama aunawa ba."

Na ce, "Wato dai yana ƙara garkuwa."

Ta kalle ni ta saman tabarau. "Ke, maigadin da ya juya yana dukan 'ya'yan gida, sanda za ki ƙara masa? Ba ƙari yake buƙata ba, hankali yake buƙata. Allurarki ce ke riƙe masa hannu. Ƙarfen nan, in an dace, yana taya shi hucewa. Kar ki bar ɗaya don ɗaya. Kar ki sha wani abin da aka ce yana ƙara garkuwa sai kin tambaye mu. Sannan ki guji zafi, don wayar da ba ta da riga in ta yi zafi saƙo tsayawa yake, sai ta huce. Ɗaga. Ƙara ɗaya."

Babana tsohon bakaniken manyan motoci ne, ya ajiye sifana amma hannunsa bai yarda ya ajiye ba. Ba mai yawan magana ba ne. Da na ba shi labari sai ya tashi ya fita. Bayan kwana uku ya kwashe tarkacen sitonmu, ya jera fayafayan birki na tsofaffin motoci, kowanne ya kai shi ma'auni ya rubuta nauyinsa da farin fenti. Ya yanko sandar ƙarfe, ya ƙera benci da katakon bodin mota. Ni kuma na manna babban kwali a bango, ina rubuta rana da kilo da yadda ƙafar ta ji. Talata a asibiti, Asabar a sito. Wata goma sha huɗu ban tsallake ba, sai ranar da jikin ya ƙi sam. Na fara da kilo biyu ina hawaye. Na kai inda nake tsugunawa in miƙe da kilo ashirin a kafaɗa. Na koma taka keke har la'asar ban nemi gado ba.

Ana nan sai ga Mai Wuta.

Haka na ajiye sunansa a waya, don aikinsa ke nan. Wata huɗu da suka wuce ya zo gyara wayoyin wutar shagona, wanda duk aka jona dutsen guga sai komai ya ɗauke. Dogo ne, yana da tasta, abin gwada wuta, a aljihun gaba kamar yadda malamai ke maƙala biro. Aikin awa ɗaya ya mai da shi na kwana uku. A rana ta uku na ce, "Injiniya, wayar ce ba ta ƙarewa ko hanyar gidanku ce ta ɓace?" Ya ce daga kan tsani, "Akwai wani wuri da wuta ke zuba a shagon nan, ban gano shi ba tukuna." Ya sauko, na miƙa masa ruwa, idonsa ya sauka a tafin hannuna.

"Wannan kantar fa? Almakashi ne?"

"Almakashi ne."

Jama'a, wannan ita ce ƙarya ta farko. Kantar sandar ƙarfe ce. Kuma ƙarya ta farko ita ce mai wuya, sauran da kansu suke biyo ta.

Sati uku da suka wuce ya turo saƙo: "Tela, Yaya ta ce za ta zo ta gan ki. Ita ta raine ni tun rasuwar iyayenmu, in ta ce to, an gama." Na nuna wa Mama ina murna. Ban san na jawo wa kaina ba. Washegari na iske kwaɗo sabo fil a ƙofar sito, makullin kuma a zare a wuyan Mama, yana lilo a kan rigarta.

"Mama, meye haka?"

"Daga yau an daina ɗaga ƙarfe a gidan nan sai an ɗaura. Dubi hannunki kamar na mai fasa dutse. Dubi kafaɗarki. Wace yaya ce za ta ga wannan ba ta yi tambaya ba?"

"To in ta tambaya a faɗa mata."

Mama ta ajiye tsintsiyar hannunta. "A faɗa mata? Manemin farko da kika faɗa wa, malamin makarantar nan, ya sake taka ƙofar nan? Har kujerarsa na ajiye masa wata biyu. Ni na san abin da mutane ke yi wa mace mai ciwo, ke ba ki sani ba. In an ɗaura, ya gani a hankali, lokacin ya riga ya san darajarki. Ki huta, ki yi kyau, ki yi shiru. Asibitin ma ki bar zuwa ɗakin ƙarfen nan, allura kawai."

Ta juya kan Baba da ke gyara rediyo a gindin bango. "Malam, ka yi min alkawari ba za ka faɗa wa yaron nan komai ba."

Baba ya daɗe yana murɗa wani ɗan sukuru. "Na yi alkawari ba zan faɗa ba."

Kar ku ga laifin Mama da yawa. Ita ce ta yi sati shida tana wanke min ƙafa lokacin da ban jin ta. Ni ma kuma ban yi wani dogon musu ba. Tsoron da ke cikinta yana cikina, ita dai ta fi ni bakin faɗarsa.

Satin farko ba ƙarfe, jikina ya yi ta ƙaiƙayin aiki, ina ta zagaya tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Na biyu gajiyar nan ta dawo, irin wadda ba ta barci ba ce, kamar an zuba maka siminti a ƙashi. Na uku na fara jin bakin takalmina na hagu yana sharar ƙasa. Na kira likita a ɓoye. Ta ce ba lallai ciwon ne ya tashi ba, naman jiki ne ke komawa inda ya fito, ga kuma damuwa. Ta ce, "Ina kika shiga? Sati nawa?" Na ce biki ne ya taso. Ta ce, "Da ƙafar wa za ki shiga ɗakin mijin?" Na kashe wayar.

Shi kuwa Mai Wuta ya lura ina yawan jingina da bango. Ya tambayi Mama. Mama ta ce ba komai, garkuwar jikina ce ke da ɗan rauni. Bawan Allah, washegari sai ga shi da katan a kafaɗa, kwalabe ashirin da huɗu na wani abin sha da mai kemis ya ce masa yana ƙara garkuwar jiki. Mama ta yi ta sa masa albarka. Ni na tura katan ɗin ƙarƙashin gado da ƙafar dama. Kullum da safe saƙonsa ya shigo:

"Tela, kin sha?"

"Na sha."

"Kin ji canji?"

"Sosai ma, Injiniya."

Sai ya turo ɗan hoton hannu mai ƙwanji. Ni in kife wayar in kalli silin.

Jiya Asabar ita ce ranar zuwan Yaya. An ce za su iso ƙarfe huɗu. Tun ƙarfe biyu Mama ta shigo ɗakina da bokiti yana tururi da tawul a kafaɗa.

"Miƙo ƙafar in gasa miki, ta saki kafin su zo."

"Mama, likita ta ce zafi..."

"Likita ce ta haife ki? Miƙo."

Na miƙa. Ta gasa ta tun daga cinya har yatsu, tana yi tana addu'a, sannan ta sa na yi wanka da ragowar ruwan. Ta fito min da leshin nan ruwan zuma mai nauyi, wanda na ɗinka da kaina na sa masa shafi biyu, da ɗankwali mai tauri, da mayafi a kai. Takalmana na kullum ta kwashe ta ɓoye a bayan firji, don duk na hagun bakinsu ya cinye. Ta ba ni wani sabo mai ɗan tudu. Ta shafa min mai a tafin hannu har sau uku, ta ce in riƙa dunƙule shi. Sannan ta tura ni kicin in tsaya kan shayi. Rana tana dukan kwanon kicin, risho yana ci, gumi yana bin bayana. Kafin ruwan ya tafasa na ga gefen idona na dama ya fara hazo.

Na ji tsayuwar mota. Na leƙa ta tagar kicin. Yayar Mai Wuta ta shigo, babbar mace, doguwar riga ruwan toka, jaka a maƙale a gwiwar hannu, irin matan da ke kallon gida sau ɗaya su san inda ake ajiye tsintsiya. Shi yana bayanta cikin farar riga, tastar tana aljihu ko a ranar ma. Aka gaisa, Mama ta shigar da Yaya falo, ta bar ƙofa a buɗe. Shi zai bi su, sai Baba ya yi gyaran murya daga kan kujerarsa.

"Injiniya, tunda Allah ya kawo ka. Ƙwan sitonmu sati uku ke nan ba mu ga haskensa ba. Ko za ka ɗan leƙa?"

Mama ta fito bakin ƙofa kamar an tsikare ta. "Haba Malam, baƙo da fararen kaya?"

"Ai aikina ne, Mama," in ji shi. "Minti biyu."

Baba ya miƙa hannu. "Kawo makullin."

Yaya tana kallo daga kan kujera. Mama ta yi wata dariya da ba ta kai ido ba, ta ciro zaren daga wuyanta. Ta miƙa wa Baba.

Ni kuma lokacina ya yi. Na jera kofuna huɗu na gilashi da butar shayi a kan tire, na ɗauka. Daga kicin zuwa falo taku goma sha biyu ne, sai matakala uku. Wata biyu da suka wuce ina hawansu da buhun yadi a ka. Na yi takun nan ina ƙirgawa, sabon takalmin yana sharar siminti. Na hau ta farko da dama. Na ce wa hagu ta biyo.

Ba ta ji ba.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ba ciwo take ba. Kamar ka kira mutum a waya, kana ganin tana shiga, ba a ɗauka. Na matse ciki yadda likita ta koya min, na mai da nauyi dama, na sake kira. Kofunan suka fara kaɗawa suna ƙara, cakar-cakar, gidan ya yi tsit sai su. Yaya ta ɗago kai. Mama ta ce, "Shigo mana, 'yar nan, kunya ce, haka take," muryarta ta siranta.

Sai na ji takunsa a bayana.

"Tela."

Na waiwaya. Farar rigarsa ta kwashi tsatsa a gaba. Kwalina yana hannunsa, ya ɓamɓaro shi daga bango. Yana karantawa a hankali, kamar mai karanta lambar mita.

"Ƙafar hagu, kilo biyar, sau takwas. Yau ban ji ƙasa ba. Kilo goma, sau goma. Yau na hau matakala ban riƙe bango ba." Ya ɗago. "Rubutunki ne. Meye wannan?"

Jama'a, akwai ƙarya a bakina a shirye, har ta zo kan harshe. Na ƙanena ne. Na rage ƙiba ne. Amma ga ni tsaye da ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, shayi yana zuba a tire. Na durƙusa na ajiye tiren a kan matakala. Na zauna kusa da shi, na cire takalmin nan, na zare mayafin don kaina ya ɗan sha iska.

Na ce, "Injiniya, kana da guntun waya?"

Mai wuta ba ya rasawa. Ya laluba aljihun wando ya miƙo min ja, da ƙaramar filaya. Na kankare robar a wuri biyu har jan ƙarfen ya fito.

"In waya ta yi haka, me ke faruwa?"

"Wuta ta riƙa zuba. Ta ɗauke ta dawo." Ya tsaya. "In ta yi zafi ta fi ɗaukewa."

"To ni ce. Jijiyoyina ne haka. Garkuwar jikina ce ke kankare su, ba rauni ta yi ba, ruɗewa ta yi. Sunansa MS. Shekara biyu ke nan. Ina yin allura. Ƙarafan da ka gani su ne suka tsayar da ni a kan ƙafata har ka same ni a shago kana cewa ina da saurin tafiya. Sati uku ban taɓa su ba don kar Yaya ta ga kanta a hannuna. Yau kuma an gasa ni da ruwan zafi. Ga sakamakon." Na buɗe tafin hannuna duka biyu na ɗora a gwiwa. "Ba almakashi ba ne."

Mama ta fashe da kuka a bakin ƙofa. Yaya ta taso ta tsaya a kaina, jakarta a gaba.

"Yana warkewa?"

"A'a, Yaya. Ana riƙe shi."

"Ana ɗauka?"

"Ba a ɗauka."

"Haihuwa fa?"

"Likita ta ce ba ya hanawa, sai dai a tsara maganin tun kafin lokaci."

"Nan da shekara goma za ki iya tafiya?"

Na ce, "Ban sani ba. Likitan ma bai sani ba. Shi ya sa nake ɗaga ƙarfe."

Ta ce, "Hmm." Wannan hmm ɗin har yanzu yana kunnena, na juya shi ta kowane gefe ban gane fuskarsa ba.

Shi bai tambayi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Yana tsaye da kwalin. Can ya ce, "Kwalaben fa?"

"Suna ƙarƙashin gado. An hana ni shan irinsu sai da izinin likita."

"Nawa kika sha?"

"Ko ɗaya."

"Kullum ina tambayarki." Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ta tashi. "Kullum kina cewa sosai ma, Injiniya."

Ya jingine kwalin da bango a hankali. Yaya ta ce wa Mama, "Mun gode, Allah ya ƙara sauƙi," ta wuce. Ya bi ta. Ba wanda ya sha shayin.

Motar ba ta gama fita layi ba Mama ta yi kan Baba. "Ka yi min alkawari!"

"Na yi. Kin ji na faɗa?"

"Ƙwan nan lafiyarsa lau!"

"Na ce ya mutu? Cewa na yi sati uku ba mu ga haskensa ba. Ƙofa a kulle, ta ina za mu gani?"

"Ka kashe wa 'yarka aure kana min wasa da baki."

Baba ya ajiye rediyonsa. "Shekara talatin ina gyaran mota. Duk wanda aka ɓoye wa matsalar inji ya saya, ranar da ta tsaya masa a daji ba motar yake zagi ba, wanda ya sayar masa yake nema."

"'Yata ce mota?"

"A'a. Mota in an dawo da ita ba ta kuka." Ya miƙe, ya zo ya tallafe ni ta hammata. "Tashi, Tela. A kawo mata ruwan sanyi da fanka."

Cikin awa ɗaya da na huce, hazon ya washe, ƙafar ta fara ɗaukar kira. Wayata ce ba ta yi motsi ba. Na rubuta masa, "Ka yi haƙuri," na goge. Na rubuta dogo, na goge. Na sake rubuta, "Ka yi haƙuri," na tura. Ya buɗe. Bai amsa ba. Mama ta shigo da magariba ta zauna a bakin gadona, ta ajiye makullin sito a kan filona ta fita.

Yau Lahadi, wajen ƙarfe tara na safe, ina zaune da shayin da ya huce a hannuna, sai na ji ƙarar injin huda bango daga tsakar gida. Na fito da silifa. Ƙofar sito a buɗe tun jiya, Baba yana riƙe da tsani, Mai Wuta yana sama cikin kayan aikinsa masu datti, yana ɗaura fanka a bango, daidai saitin bencina. Kwalina ya koma wurinsa, an manne shi da baƙin salatif.

Na ce, "Injiniya."

Bai waiwayo ba. "Ɗakin nan ba taga. Wata goma sha huɗu kina ɗaga ƙarfe a cikin tanda, kuma kin ce zafi ne ke ɗauke miki wuta."

"Na gode."

"Kar ki gode. Fushi nake." Ya ɗaure sukuru na ƙarshe, ya sauko, ya goge hannu a wando. Idonsa ja, da alama shi ma bai runtsa ba. "Yaya ta ce a fasa. Ta ce ba don ciwon ba, don ƙaryar. Ni ban san wanne ya fi ci min rai ba. Na ce mata ban ce e ba, ban ce a'a ba, sai na ji daga bakin likitarki da kunnena. Yaushe ne ranarki?"

"Talata."

"Ƙarfe nawa?"

"Goma. Amma ka sani, duk wanda ya shiga ɗakinta sai ta sa shi ɗaga wani abu."

"Ta sa ni." Ya danna makunni, fankar ta ɗauka, iska ta kaɗa kwalin. "Gwada in gani ko tana kai miki."

Baba ya naɗe tsanin ya fita, yana wani tari da ba na mura ba. Na ajiye wayata a gefen benci. Na wuce faifan kilo goma, na wuce na biyar, na ɗauki na kilo biyu, inda na fara tun farko. Na ɗaura shi a idon ƙafar hagu da ɗamarar da Baba ya yi min da bel ɗin kujerar mota. Na ɗaga. Ɗaya. Ƙafar tana rawa kamar ba tawa ba, shi yana tsaye a bakin ƙofa ya harɗe hannu yana kallon rawar, ban ɓoye ba. Huɗu. Biyar.

Ina kan na bakwai wayar ta fara ruri a kan katako. Baƙuwar lamba. Ya leƙa, fuskarsa ta canja.

"Lambar Yaya ce. Ban ba ta taki ba."

Na kalli wayar, na kalle shi. Gumi ya gangaro min ta bayan kunne, fankar ta busar da shi. Na ɗaga na takwas, na sauke, numfashina yana fita da ƙyar.

Ya ce, "Ba za ki ɗauka ba?"

Na ce, "Zan ɗauka. Saura ɗaya."